Wa ya gaya wa furen nan cewa lokaci ya yi?

Wanda ya taso a inda ruwan sama ke tayar da ƙasa, in ya tsinci kansa a Ingila cikin watan Fabrairu ya leƙa ɗan filin da ke bayan gida, zai rantse babu mai rai a wurin. Bishiyoyi tsirara, ƙasa baƙa jiƙe sharkaf, da asuba raɓa ta daskare a kan ciyawa kamar an barbaɗa gishiri. Lambu a nan ba irin namu na fadama ba ne mai albasa da tumatir. Ɗan fili ne a bayan kowane gida, da ciyawa, da shingen itatuwa, wani lokaci da ɗan kududdufin da mai gida ya haƙa da kansa. Irin waɗannan sun haura miliyan 20 a Birtaniya. Na yi shekara biyu ina wuce nawa ba na ko kallonsa sai zafi ya shigo. A shekara ta uku na durƙusa zan ɗauki wani abu a gindin shinge, sai na ga wasu fararen furanni, tsawonsu bai kai tafin hannu ba, sun sunkuyar da kai, sun huda ganyen da ya ruɓe sun fito. Daren da ya wuce ruwan da na bari a bokiti ya zama dutse. Tun ranar nake bin tambaya ɗaya: wa ya gaya musu lokaci ya yi?

Turawan Ingila suna kiran furen da sunan da ke nufin ɗigon ƙanƙara, masana kuma suna ce masa Galanthus. Asirinsa na farko yana ƙarƙashin ƙasa. Yana da kai irin na albasa, wanda ya cika da abinci tun bara, kuma ɗan furen da zai fito ya riga ya haɗu a ciki tun kafin sanyi ya shigo. Ƙarshen ganyensa yana da tauri, shi ya sa yake iya huda ƙasar da ta ƙame. In dare ya yi tsanani za ka same shi da safe kwance kamar an taka shi, rana na ɗan ɗagawa ya miƙe abinsa. Dalilin wannan gaggawa kuwa haske ne. Asalinsa ɗan ƙarƙashin kurmi ne, kuma da zarar manyan bishiyoyi sun rufe da ganye a watan Mayu, hasken da ke isa ƙasa ya ƙare. Dole ya fito, ya yi fure, ya tara guzurin baɗi, ya koma, duk kafin a rufe masa sama. Daga cikin wannan ɗan tsiro aka fara samo sinadarin galantamin, wanda likitoci ke ba masu cutar mantuwa ta tsufa.

Sai dai wannan ya amsa me ya sa yake sauri ne kawai. Yadda yake sanin ranar fitowa wani zance ne, kuma nan ne abin ya yi zurfi.

Tsirrai da dabbobin ƙasashen sanyi suna karanta lokaci ta hanyoyi fiye da ɗaya. Ta farko tsawon rana ce. A Landan, ranar 21 ga Disamba hasken rana bai cika awa takwas ba, amma kafin Fabrairu ta ƙare ya doshi awa goma sha ɗaya. Wannan ƙaruwa ba ta kuskure, ko shekara ta yi sanyi ko ta yi ɗumi. A 1920 wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, suka gano cewa wani irin taba da ya ƙi yin fure a gona yana jiran dare ya yi tsawo ne. Bayan 'yan shekaru William Rowan, a garin Edmonton na Kanada, ya tsare ƙananan tsuntsaye a keji a waje, cikin sanyin da ke daskarar da komai, yana kunna musu fitilar lantarki bayan magariba, kullum yana ƙara 'yan mintoci. Tsuntsayen suka fara waƙa, jikinsu ya shirya wa haihuwa a tsakiyar hunturu. Daga baya aka gano cewa tsuntsu ba da ido kaɗai yake jin hasken ba, akwai wuri a cikin ƙwaƙwalwarsa da ke karɓar hasken da ya ratsa ƙoƙon kai. Shi ya sa a Fabrairu, ko ƙanƙara na zuba, za ka ji waƙar tsuntsaye ta ƙaru da asuba, manyan baƙaƙen tsuntsaye dangin hankaka kuma sun fara jigilar kirare zuwa ƙololuwar bishiya.

Manomin dawa ba zai yi mamakin wannan ba. Tsoffin irin dawarmu, su kaura da farafara, ko ka shuka da ruwan fari ko ka makara da 'yan makonni, kusan lokaci ɗaya suke fitar da kai, dab da ɗaukewar damina. Masu bincike a Samaru sun nuna tun shekarun 1960 cewa tsawon rana suke bi. Abin al'ajabin shi ne tsakanin rana mafi tsawo da mafi gajarta a Kano bambancin bai wuce awa ɗaya da rabi ba, amma dawa tana jin wannan ɗan sauyi. To ina ga tsiron da ke ƙasar da bambancin ya kai awa takwas da wani abu.

Hanya ta biyu ita ce ta fi ba ni mamaki, domin ta saɓa wa abin da mutum zai zata. Yawancin itatuwan nan ba sa toho sai sun sha sanyi ya ishe su. Itacen tuffa yana buƙatar ɗaruruwan sa'o'i, wasu nau'o'in fiye da dubu, cikin sanyin da bai haura digiri bakwai ba, kafin idanunsa su yarda su buɗe. Alkamar da ake shukawa a nan da kaka ba ta fitar da kai in ba ta ga hunturu ba. Hikimar a fili take: da ɗumi kaɗai itace ke bi, da ɗan kwana biyar na rana mai daɗi a Nuwamba ya yaudare shi ya yi toho, sanyin Janairu ya ƙone shi ƙurmus. Sai aka halitta masa ƙidaya. A cibiyar John Innes da ke Norwich, Caroline Dean da abokan aikinta sun shafe shekaru suna bin yadda ake wannan ƙidaya a cikin wata 'yar ciyawa. Akwai wata ƙwayar gado da suke kira FLC, aikinta hana fure, kamar sakata a ƙofa. Sanyi mai tsawo yana zare sakatar nan, amma ba gaba ɗaya a rana ɗaya ba. A kowane mako wasu ƙwayoyin jikin tsiron suna kashe tasu, kuma wadda ta kashe ba ta sake kunnawa ko ɗumi ya dawo. Da haka tsiro yake riƙe lissafin makonnin sanyin da suka wuce a kansa. Ba shi da ƙwaƙwalwa, amma yana tuna hunturu.

Sai an cika wannan ƙidaya hanya ta uku take aiki, wato taruwar ɗumi. Kowace rana mai ɗan ɗumi tana ƙara wani abu a ma'auni, in ya cika ido ya fashe. Ɗigon-ƙanƙara ɗumi kaɗan yake buƙata. Haka itacen hezal, wanda a Fabrairu yake rataye da wasu rawayen tuntaye masu zubar da ƙurar fure in iska ta kaɗa. Furensa na mace kuwa sai ka kai ido kusa za ka gan shi, ɗan jan gashi ne a bakin toho. Ba ya jiran ƙudan zuma, iska ce mai kai masa saƙo, shi ya sa yake yi kafin ganye ya fito ya tare hanya. Kwaɗi ma ɗumi suke bi. Ƙwansu, dunƙule mai yauƙi da baƙaƙen ɗigo-ɗigo, yana fara bayyana a kududdufan Cornwall, can kudu maso yamma, tun Janairu, sannan ya riƙa matsawa arewa da gabas mako bayan mako har ya kai Sikotlan.

Lokacin da duk wannan ke kaiwa gare shi ba mu da sunansa a Hausa. A rediyo ana ce masa bazara, amma bazara a wurinmu zafi ne da ƙishirwa da jiran hadari. Ni dai lokacin toho nake ce masa.

Matsalar da ke ƙasa ita ce waɗannan hanyoyi sun daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, har rayuka da yawa suka ɗora cinsu da haihuwarsu a kan wannan daidaito. Yanzu ɗaya ta fara gudu ta bar ɗaya a tsaye. Tsawon rana yana nan yadda yake, ɗumi kuwa yana zuwa da wuri. An san haka ne saboda wata ɗabi'a ta mutanen ƙasar nan da nake girmamawa ƙwarai, ɗabi'ar rubuta ƙananan abubuwa. A 1736 wani mai gona a ƙauyen Stratton Strawless na yankin Norfolk, Robert Marsham, ya fara rubuta ranar da ya fara ganin alamu 27 a kowace shekara: furen ɗigon-ƙanƙara, kukan kwaɗi, tohon itatuwa iri-iri, isowar tsattsewa. Ya yi ta yi har ya mutu a 1797, zuriyarsa suka ɗora har 1958. Sama da shekara 200 gida ɗaya na rubuta ranar fure. Yau ƙungiyar kare dazuka ta Woodland Trust tana karɓar irin wannan bayani daga dubban mutanen gari. A 2022 Ulf Büntgen da abokansa a Jami'ar Kambirij suka tattara rubuce-rubuce sama da 400,000 a kan tsirrai iri 406, daga 1753 zuwa 2019. Suka ga cewa daga 1987 zuwa 2019, ranar fara fure ta matso gaba da kusan wata guda in aka kwatanta da duk shekarun baya. Ƙananan tsirrai sun fi manyan itatuwa matsowa.

Mutum zai ce to mene ne, ai fure da wuri abin farin ciki ne. Ranar 26 ga Fabrairu 2019 ma'auni ya nuna digiri 21.2 a lambun Kew na Landan, zafin da ba a taɓa rubuta irinsa a hunturun Birtaniya ba, mutane suka fito da 'yar shara suna murna. Shekara guda kafin nan, a daidai wannan mako, iska mai sanyi daga gabas ta rufe ƙasar da ƙanƙara. Haɗarin ke nan. Ɗumi yana fito da toho, amma bai hana daren sanyi dawowa ba. Idon itace da yake rufe yana jure sanyi mai tsanani, wanda ya buɗe kuwa dare ɗaya ya ishe shi. A Afrilun 2021 manoman inabi da na 'ya'yan itace a Faransa sun kwana suna kunna wuta a tsakanin kunyoyi, bayan ɗumin Maris ya fito musu da toho, kuma duk da haka asarar ta yi yawa. A kududdufi ma haka ne, ƙwan kwaɗon da ke sama in ruwa ya daskare sai ya yi fari ya mutu, na ƙasa ya tsira.

Dabbobin da ke barcin hunturu nasu lissafin na kitse ne. Bushiya tana shiga tarin ganye tun Nuwamba, bugun zuciyarta ya sauka daga kusan 190 a minti zuwa wajen 20, tana cin kitsen jikinta a hankali. Kowace farkawa tana cin wannan kitse da yawa, domin sai ta ɗumama jikinta tun daga tushe. In ɗumin ƙarya ya tashe ta a Fabrairu, ta fito babu tsutsa babu ƙwaro, ta yi asarar da ba lallai ta mayar ba. Akwai kuma wani babban ƙudan zuma mai gashi, wanda gidansu duka ke mutuwa da kaka sai sarauniya ita kaɗai, ta binne kanta a ƙasa. Ita ce nake gani a ƙarshen Fabrairu tana yawo ƙasa-ƙasa da ƙara kamar ƙaramin inji. Kafin ta iya tashi sai ta karkaɗa tsokar fukafukinta har ƙirjinta ya kai kusan digiri 30, kuma wannan aiki da ruwan zaƙin fure take yin sa. In ta fito babu fure, kwanakinta kaɗan ne, kuma da mutuwarta gida guda ne ya mutu tun ba a kafa shi ba. A nan nake saɓa wa masu share lambu fes tun Fabrairu, su kwashe ganye, su sare busassun karare, su tuge duk abin da ba su shuka ba. Tarin ganyen nan ɗakin wani ne. Wata masaniya, Jennifer Owen, ta shafe shekara 30, daga 1972, tana ƙirga abin da ke rayuwa a lambun gidanta a Leicester, filin da bai kai murabba'in mita 750 ba. Ta samu nau'i 2,673 na tsirrai da dabbobi, mafi yawansu ƙwari. A Fabrairu kusan dukkansu suna nan, a ɓoye cikin abin da mai shara ke kira datti.

Inda rashin daidaiton ya fi fitowa fili shi ne tsakanin babban itacen kurmi da Turawa ke kira ok, da tsutsa, da tsuntsu. Wata faɗa-wuta tana saka ƙwai a rassan ok da farkon hunturu. Tsutsar dole ta ƙyanƙyashe daidai lokacin da ganyen ke fashewa: in ta riga shi yunwa ta kashe ta, in ta makara ganyen ya yi tauri da ɗaci. A kan tsutsar nan kuma wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai da farin kumatu da rawayan ƙirji yake ciyar da 'ya'yansa, sheƙa ɗaya tana cin dubbai cikin mako biyu zuwa uku. A dajin Wytham kusa da Oksfod ana bin wannan tsuntsu sheƙa-sheƙa tun 1947. Tsakanin 1961 da 2007 ya matso da ranar saka ƙwai da kusan kwana 14, daidai da yadda tsutsar ta matso. Shi ya iya, domin yana nan duk hunturu, yana jin ɗumin a jikinsa.

Wanda ba ya nan fa? Akwai wani ɗan tsuntsu baƙi da fari mai cafke ƙwari a iska, wanda ke haihuwa a dazukan Turai amma yake cin hunturu a Afirka ta Yamma. Daga can ba shi da hanyar sanin cewa ok ya yi toho da wuri a Holan. Abin da ke tashinsa agogon jikinsa ne da tsawon rana, kuma waɗannan ba su sauya ba. Binciken da Christiaan Both ya jagoranta, aka buga a 2006, ya nuna cewa a dazukan Holan da tsutsa ta fi saurin fitowa, yawan tsuntsun ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a shekara ashirin. Yana isowa an tashi daga kasuwa.

Wani kuma ya sauya hanya ɗungurungum. Tsuntsun da sunansa ke nufin mai baƙar hula, na kudancin Jamus da Ostiriya, da can Sifen da arewacin Afirka yake tafiya. Daga shekarun 1960 aka fara ganin wasunsu a lambunan Ingila da hunturu, suna cin kitse da tsaba da mutane ke ratayewa. Peter Berthold ya ƙyanƙyashe 'ya'yansu a keji a Jamus ya ga cewa in lokacin ƙaura ya yi, yamma suke fuskanta, wato sabuwar hanyar ta shiga gado. Da yake tafiyarsu gajera ce, suna riga 'yan'uwansu komawa gida, su kama wurare masu kyau, su auri junansu. Abincin da tsofaffi ke rataye wa tsuntsaye a bayan gida ya taimaka wajen karkatar da ƙaurar wani jinsi cikin shekarun da mutum ɗaya zai iya rayuwa ya gani. Wannan ba yana nufin komai lafiya ba ne. Ƙidayar da ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke shiryawa kowane ƙarshen Janairu tun 1979, inda dubban ɗaruruwan mutane ke zama awa ɗaya su ƙirga tsuntsayen lambunsu, ta nuna gwara, duk da ita ce kan gaba a yawa, ta ragu da fiye da rabi.

Akwai wanda nake jira a kowace shekara, ba a lambu sosai ba, a shingayen ƙaya na bayan gari. Ɗan tsuntsu ne mai farin maƙogwaro, nauyinsa wajen giram 14. A 1969 masu ƙidaya a Birtaniya suka wayi gari kusan kashi uku cikin huɗu na irinsa ba su dawo ba. Aka duba gonaki, aka duba magungunan feshi, ba a ga dalili a gida ba. Sai daga baya aka gane cewa ruwa ne ya ƙi sauka a Sahel a daminar 1968, mafarin farin da ya kai ga yunwar 1973, wadda iyayenmu ba su manta ba. Farin da ya kashe shanu a Damagaram da Borno shi ne ya yi shiru da shingayen Ingila. Har yau yawansa bai koma yadda yake kafin wannan shekara ba.

A daidai makonnin da nake durƙusawa ina duba ɗigon-ƙanƙara, shi yana can tsakanin kogin Senigal da tafkin Chadi, cikin ƙayoyin bakin fadamun Haɗejia da Nguru da makamantansu, iskar hunturu tana kaɗa ƙura. Masu binciken da suka auna tsuntsaye a Malam Fatori a ƙarshen shekarun 1960 sun ga yadda irinsa ke yin ƙiba a Maris da Afrilu, suna cin 'ya'yan itacen nan da ake yin asuwaki da saiwarsa, wanda Larabawa ke kira arak. Da kitsen 'ya'yan arak zai ƙetare Sahara, tafiyar kusan kilomita dubu biyu, sannan teku, sannan Faransa. Ba zai sauka a nan ba sai tsakiyar Afrilu, lokacin da furannin gindin shingena sun daɗe da bushewa sun koma ƙasa. Na sayi ɗan littafi bana, shafin farko na rubuta ranar da suka buɗe, na bar layi a ƙasa don ranar da zan fara jin muryarsa.